Mu da Muka Zo Tun Ana Daji

A yawancin garuruwan ƙasar nan, in gardama ta tashi kan wa ya fi wa iko da gari, kakanni ake lissafawa. A Abuja shekara ake tambaya. "Kai yaushe ka zo?" Da wannan tambaya ake raba girma a ƙofar masallaci, da taron unguwa, da teburin mai shayi. Wanda ya zo a 1991 baƙo yake ɗaukar na 1999. Na 1999 ya haƙiƙance 'yan 2015 ne suka lalata garin. Shi ma na 2015 har ya fara tsaki, wai mutane sun yi yawa. Duk cikinsu ba mai waiwayawa ya dubi matar da ke wucewa ta gefen titi da ƙwaryar doya a kafaɗa, wadda ita ba zuwa ta yi ba, garin ne ya zo ya same ta.

Ranar 3 ga Fabrairun 1976 Janar Murtala Muhammad ya sanar da cewa za a ɗauke babban birnin ƙasa daga Legas, kwana goma kacal kafin a kashe shi. Kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ne ya zaɓi wurin, kuma cikin hujjojinsa har da cewa yankin ba ya hannun ko ɗaya daga cikin manyan ƙabilun ƙasar. Kunnen ɗan Najeriya sai ya tsinci rabin zancen ya riƙe: wurin ba na kowa ba ne. Alhali akwai Gbagyi, da Koro, da Gade, da Bassa, da Gwandara, da Ganagana da wasunsu, kowa da gonarsa da maƙabartarsa. Da farko cewa aka yi za a kwashe su kaf, a biya su, a zaunar da su a wajen yankin. Da aka buga lissafi aka ga aljihu ba zai ɗauka ba, sai a 1978 gwamnati ta ce kowa ya zauna inda yake har ranar da aiki ya iso kansa. Wasu an tashe su, kamar mutanen Wuse da suka koma Sabon Wuse a kan hanyar Kaduna. Wasu kuma, irin su ƙauyen Garki, birni ya taho ya yi musu zobe. Aikin kuwa har gobe isowa yake yi, fuloti bayan fuloti. Shi ya sa a Kubwa, ko Lugbe, ko Lokogoma, ko Dawaki, ko Karmo, za ka tarar da tsohon ƙauye, da sabon rukunin gidaje, da kangayen da ba a gama ba, duk kiran salla ɗaya suke ji.

Uban tafiyar mazauna irin waɗannan unguwanni shi ne Alhaji Tun-Ana-Daji. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, da aka taso ma'aikatarsu daga Legas a daidai lokacin da Janar Babangida ya tare, ranar 12 ga Disamban 1991. Ba da son ransa ya zo ba. A lokacin har takardar asibiti ya nemo don a bar shi a Legas. Amma yanzu in yana ba da labari sai ka rantse shi ya riƙe wa safiyo igiya.

"Yaro, lokacin da muka zo, birai ne ke tsallaka titi a Wuse. Daga Area 1 har Berger ba ka haɗuwa da mota uku."

Kowace shekara biran ƙaruwa suke yi, motocin suna raguwa. Gidan da yake ciki na gwamnati ne, cikin waɗanda aka sayar wa ma'aikata zamanin da Malam Nasiru el-Rufa'i ke minista, kuma bai taɓa kiran abin sa'a ba, hangen nesa yake ce masa. Abin da ke ci masa rai bai wuce 'yan zuwan jiya ba. Su suka tare masa ƙofa da mota, su suka tayar da bene mai hawa uku har ana leƙen tsakar gidansa, su suka sa kuɗin tumatir ya tashi. Ko gardamar ƙwallo ake yi, in ya ga za a kayar da shi, sai ya gyara hula ya ce, "Mu da muka zo tun ana daji za ku gaya wa?"

Dajin nan da yake faɗa gonar wani ce. Mai ita yana nan da ransa, bayan katangar Alhaji kaɗan, a kan benci a gindin ɗorawa ɗaya tak da ta yi saura. Baba Mai Gona ke nan. In ka tambaye shi hanya, da garin da babu shi zai yi maka kwatance: ka miƙe har tsamiya, ka karya dama a bakin rafi, za ka ga rumbuna uku. Tsamiyar gidan mai ce yanzu, rafin kwalbati ne, rumbunan kuwa makaranta ce mai koyar da Faransanci. Tsarin mulki, a sashe na 297, ya ce ƙasar babban birnin kaf ta gwamnatin tarayya ce. Don haka ba kuɗin ƙasa ake biyan mutum ba, sai na abin da ke kanta: ɗaki, da shuka, da itatuwa masu amfani. Aka ƙirga wa Baba mangwaro da kaɗanya da kunyoyin doya, aka ba shi abin da ya ishe shi sayen babur da kwanon rufi. Filin kuwa, da takarda ta hau kansa, sai da ya canza hannu sau uku kafin a ajiye bulo ɗaya, kuma kowane hannu da gida ya fita a cikin ribar.

Duk gwamnatin da ta zo sai ta turo kwamiti a ƙirga gidajen ƙauyen, wai za a sake musu matsuguni. Su zo da hular rana da gwangwanin fenti, su rubuta lamba a bango, su ɗauki hoto, su tafi. Bangon Baba yanzu lambobi huɗu ne a jikinsa, kala daban-daban, kuma ya hana a yi masa yaɓe, don bai san wacce za a tambaya ba. Hausarsa ta fi ta yaran rukunin gidajen nan daɗi nesa ba kusa ba. Duk da haka, ɗan'uwana Bahaushe da ya sauka a tashar Jabi shekaranjiya, bai ma gane gabas ba tukuna, shi ne in ya ga wani ya rikice wajen tsallaka titi zai ce masa "bagware", a gaban Baba, ko kunya.

Baba yana da ɗan ƙane, wanda samari ke kira Yarima saboda kusancinsa da gidan mai unguwa. Shi bai da haƙurin benci. Ya ga yadda aka ɗauke gonar iyayensa da takarda, sai ya gane cewa a garin nan takarda ta fi doya albarka, ya koma nomanta. Lissafinsa mai sauƙi ne: filin nan ko ba jima ko ba daɗe za a karɓe shi, to gara a sayar kafin ranar. Ƙafa hamsin-hamsin yake yankawa, ya ba ka takarda mai hatimi da shaidu biyu, dukansu abokansa. Matsalar ita ce Yarima mutum ne mai jin nauyin mutane, ba ya iya cewa fili ya ƙare. Sai wata Asabar da safe mutum uku su haɗu a fuloti ɗaya, kowa da tifar yashinsa, kowa da takarda mai hatimi iri ɗaya. Wanda ya yi nasara a cikinsu ma bai huta ba. Ranar haƙa harsashi samarin unguwa za su zo gaisuwa, ranar sauke bulo su dawo, ranar rufi su zo da ƙannensu. Ba sa zagi, ba sa faɗa. Zama kawai suke yi a kan bulonka har sai ka gane gaisuwar. Ban ce Yarima yana da gaskiya ba, amma makarantar da ta koya masa sana'ar ba a ƙauye take ba.

Tsakanin mai saye da mai sayarwa akwai Dillali, wanda ya fi son a ce masa ejan. Shi kaɗai ne a unguwar ɗan ƙasa ne da safe, baƙo da yamma. A gaban mai unguwa zai tsuguna ya ce, "Ranka ya daɗe, ai mutanen nan da kuɗi suka zo, kada mu yi musu arha." Minti ashirin bayan haka yana cikin motar mai saye yana raɗa masa, "Yallaɓai, ka san mutanen nan, bar ni da su." A bakinsa ko'ina minti goma ne zuwa cikin gari, kuma ba ƙarya ya yi ba in ƙarfe uku na dare za ka fita. Ko'ina titi zai biyo ta nan, an ma riga an ba da kwangila. Da rani kaɗai yake nuna gida. Akwai kuɗin gani, ko gidan ya yi maka ko bai yi ba, akwai la'ada, akwai kuɗin lauya, lauyan da har ka tashi daga gidan ba za ka ga ko inuwarsa ba.

Sai mai gayya mai aiki, Ciyaman. Shekara uku ke nan da tarewarsa a rukunin gidajen da aka gina cikin wata goma sha takwas, aka laƙaba wa suna na wata unguwar Ingila da ko mai gadin ba ya iya faɗa. Ba wanda ya tuna ranar da aka zaɓe shi. An dai wayi gari an gan shi da littafin rasit. Kuɗin tsaro, kuɗin taransifoma, kuɗin kwashe shara, kuɗin cike ramin da aka cike bara. A wurin aikinsa ƙila ko mutum biyu ba sa ƙarƙashinsa, amma a nan shi ne gwamna, shi ne majalisa, shi ne kotun ɗaukaka ƙara.

Aikinsa na farko katanga ce da get. Katangar ta bi ta kan hanyar da mutanen ƙauye ke bi zuwa rafi, da gona, da maƙabarta tun kafin a haifi kakan mai ginin. Yanzu sai sun yi zagaye mai nisa, ko su nemi izini. Mai gadin da aka ɗauka kuwa ɗan ƙauyen ne, don ya fi arha, saboda haka kullum da safe sai ka ga yaro cikin kaki yana tambayar gwaggonsa wurin wa ta zo. Da daddare Ciyaman ya hau WhatsApp ya sanar da jama'a cewa an ga wasu baƙin fuskoki suna yawo a bayan katanga, kowa ya sa ido. Baƙin fuskokin nan a bayan katangar aka yanke musu cibiya.

Ƙorafi kuwa kowane ɓangare da nasa kundin. Ciyaman ya ce awakin ƙauye sun cinye masa furanni, gangar biki ta hana shi barci, hayaƙin murhu na shiga masa falo. Ƙauye ya ce janaretansa ba ya numfashi, rijiyoyin burtsatse ashirin da aka haƙa sun shanye musu rijiya, ruwan ƙazantar rukunin gidajen kuma a rafinsu yake sauka. Amma a can ƙarshen katangar akwai wata 'yar kafa da aka fasa, wadda ba ta cikin taswira kuma Ciyaman bai taɓa sa ta a ajandar taro ba. Ta nan mai wanki ke shigowa, da mai shara, da yarinyar da ke kai 'ya'yansa makaranta, da doyar da matarsa ke saye a rabin kuɗin kasuwa.

Sulhu na gaskiya sau ɗaya ake yin sa a shekara, cikin watan Agusta. Ranar da ake aza harsashin layin ƙarshe Baba ya je da sandarsa ya ce wa injiniya nan hanyar ruwa ce. Aka yi dariya, aka ba shi kuɗin goro. Rafi kuwa bai karɓi diyya ba, bai sa hannu a takarda ba, don haka duk damina sai ya dawo duba gidansa. Ranar za ka ga Ciyaman da gajeren wando, ruwa har gwiwa, yana kiran baƙin fuskoki da "'yan'uwana" su taimaka a turo mota. Suna turowa. Da farashi, ba rasit.

A layi na biyu akwai Hajiya A-Garinmu. Shekararta goma sha biyar a Abuja, amma har yau zuciyarta ba ta sauke kaya ba. Yajinta daga Kano, daddawarta daga Kano, ɗinkinta daga Kano, ko mai kitso sai an yi mata aike. "Garin nan ba zumunci," in ji ta. "A garinmu wa zai haihu maƙwabta ba su sani ba?" Maƙwabciyarta ta haihu sau biyu, kuma har yau sunanta a bakin Hajiya "matar nan mai jar mota". Tana da 'yan'uwa a kowace ƙabila: akwai ta Enugu, akwai ta Ibadan, akwai ta Maiduguri, kowace na jiran ranar komawa gida, kowace ta gina gidan da ba ta kwana a ciki sai sati biyu a shekara. Sallah ko Kirsimeti in ta zo sai unguwar ta yi tsit, ka ji kukan tsuntsaye. Katin zaɓenta ma na can gida. In an zo zaɓen ƙananan hukumomi shida na birnin, tana ɗaki tana kallon fim, mutanen ƙauye suna kan layi tun asuba. Washegari ta ce ita ba ta gane yadda aka yi "mutanen nan" ke cin kujera ba.

Wanda zai yi mata bayani, in za ta saurara, Kwamared ne, jikan Baba da ya yi jami'a. Ko taron gyaran kwata aka kira, daga 1976 yake farawa. Kafin ya iso 1991 rabin jama'a sun tafi sallar la'asar. Zai tuna wa taro cewa mutanensa ba su da gwamna, ba su da majalisar jiha, minista ake naɗa musu daga ko'ina. Sanata ɗaya, 'yan majalisar wakilai biyu, shi ke nan. Zai ce sai a 2023 aka fara ba ɗan asalin yankin kujerar minista, wato Zephaniah Jisalo. Zai ce dam ɗin Usuma da ke shayar da birni tashin ƙauyuka aka yi aka gina shi, amma su jarka suke saye. Sai ya zaro naira ashirin daga aljihu ya ɗaga sama, ya nuna hoton Ladi Kwali, mai ginin tukwanen da duniya ta san da ita, ya ce ga rabonsu, takardar da yanzu ko ruwan leda ba ta saye. Abin haushin Kwamared shi ne yawancin abin da yake faɗa gaskiya ne, kuma kwatar har yau ba a gyara ba.

Ƙanwarsa ajinsu ɗaya da ɗan autan Hajiya, wanda aka haifa a Kubwa, ya tashi a Kubwa, Hausarsa rabi Turancin kan titi. Da lokacin neman makaranta ya yi aka ce ya kawo takardar shaidar asali, sai aka ɗora shi a mota zuwa ƙaramar hukumar kakansa, inda ya kasa amsa gaisuwa yadda ya kamata, yara suka bi shi suna "ɗan Abuja". Ita kuwa yarinyar, da ta rubuta Abuja a gurbin jiha, mai karɓar fom ya ɗago kai ya ce, "'Yammata, ba inda kike zaune na tambaya ba. Ainihin garinku."

Akwai kuma Mai Adireshin Aro. In an tambaye shi a gida cewa yake "Ina Abuja", kuma a ƙauyensu an ɗauka katanga ce tsakaninsa da shugaban ƙasa, har ana ba shi takardun neman aiki ya miƙa. Gaskiyar magana a Masaka yake kwana, ko Ado, ko Mararaba, cikin jihar Nasarawa. Ƙarfe huɗu na asuba yake tashi don ya riga cunkoson Nyanya, ya dawo bayan isha. 'Ya'yansa ranar Lahadi suke ganinsa da rana. Ba ya cikin rigimar 'yan ƙasa da baƙi, don ba ya unguwar a lokacin da ake yin ta. Amma ka kuskura ka ce masa ɗan Nasarawa.

Kishiyarsa Basuleje ne, wanda shi kuma in ka ce yana zaune a wajen Abuja sai ya yi murmushin tausayi. Garinsu ne Abuja ta asali, wadda Abu Ja na gidan sarautar Zazzau ya kafa a 1828. Da aka zo yin babban birni sai aka ɗauki sunan, su kuma suka koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Kowa a yankin nan yana kukan an karɓe masa fili. Shi suna aka ara, kuma bai ga alamar za a dawo da shi ba.

Wanda na fi so a cikinsu duka shi ne Mai Gadin Kango. Daga wani ƙauye na Zamfara ya zo, ko Katsina, ko can wajen Maraɗi, da buhu ɗaya da tocila, aka ce ya kula da siminti na wata uku. Mai ginin kuwa aka canza gwamnati, kuɗi suka tsaya a linta. Shekara goma sha biyu ke nan. Falon da aka zana don baƙin Alhaji yanzu awaki ne a ciki, gurbin wurin ninƙaya ya zama gonar masara da kuɓewa, ɗakin sama kuma na haya ne, shi ke karɓa. Ya kawo ƙanensa mai tura kurar ruwa, ya kawo ɗan yayarsa mai shayi, ya kawo surukinsa mai acaɓa, tunda tun 2006 aka kori babura daga tsakiyar birni suka tattaro gefe. Yanzu in an yi rigima a bakin titi shi ake kira, kuma an fara ce masa Sarkin Hausawa, bai hana ba.

Shi kaɗai ne ke gaisawa da kowa. Yana zama a bencin Baba, yana yi wa Ciyaman "ranka ya daɗe", ya san fulotin da Yarima ya sayar sau uku da wanda ya sayar sau biyu kawai. Ranar da ɗan mai kangon ya dawo daga ƙasar waje ya zo ganin gadonsa, Mai Gadi ya dube shi sama da ƙasa ta kafar get, ya ce, "Samari, wa kake nema? Mu nan ba ma buɗe wa wanda ba mu sani ba." Kuma kwanan nan na ji shi yana ƙorafin cewa yaran da ke zuwa daga gida yanzu ba su da tarbiyya, sun cika unguwa.

Makiyayi ba ya zuwa taro, ba ya biyan kuɗin tsaro, ba ya gardama. Burtalin da ubansa ya bi shi yake bi, ko da yanzu titi ne mai hannu shida. Saniya ba ta karanta taswirar birni ba.

Duk wannan tsama da harara rana ɗaya ke shafe ta, ranar da Mai Jan Fenti ya shigo. Ba ya gaisuwa. Daga mota yake sauka da gwangwani da buroshi, ya zana gicciye a bango, ya rubuta kwanan wata, ya wuce na gaba. Tun rusau ɗin shekarun 2003 zuwa 2007 mazauna Abuja suka san cewa jan fenti ba ado ba ne. Nan take Alhaji Tun-Ana-Daji ya tuna shagunan da ya ƙara a jikin katanga ba sa cikin zanen gida. Ciyaman ya gano cewa takardar rukunin gidajen nasu tana da 'yar'uwa a hannun wani. Masu takardar Yarima kuwa ko fito da ita ba sa yi.

Da yake sau da yawa akan tsallake gidajen 'yan asalin wuri har sai an sake musu matsuguni, sai ka ga ikon Allah: cikin dare ɗaya unguwa ta cika da Gbagyi. Mutumin da jiya yake toshe hanci in ya bi ta ƙauye, yau ya haddace gaisuwa biyu da yarensu, yana tsugune gaban Baba da goro da lemo, yana roƙon a ce gidan na ɗan gida ne, shi haya kawai yake yi. Hajiya ta tuna ashe kakar mijinta 'yar wajen Bwari ce. Ciyaman da kansa ya nemi Kwamared, ya ce ai wannan maganar ta 1976 tana da muhimmanci, ko zai maimaita ta a gaban 'yan jarida? Baba dai ya karɓi goro, ya sa albarka, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Katafila in ta zo ba ta daɗewa. Kafin azahar layi biyu sun zama tarin bulo, 'yan gwangwan sun fara cinikin rodi, mata na zaune kan katifu a rana. Can gefe, a inuwar ɗorawa, Dillali ne cikin sabuwar shadda yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya da jaje. Allah ya mayar da alheri, Allah ya sa kaffara ce. Sai ya rage murya. Akwai wasu fulotai da suka fito can gaban Kuje, wuri lafiyayye, ba kowa sai 'yan gonaki, mai unguwar mutumin kirki ne. Titi zai biyo ta nan.

"Nisa fa?"

"Haba Yallaɓai. Minti goma ne zuwa cikin gari."